Gwamnati Ta Ce Ƙarfe, Dutse Ya Ce Itace

Ku samarin da ke zama bakin shagona kuna gyaran wayoyi, na ji abin da kuka ce ranar kasuwa, kun ɗauka kunnena ya tsufa. Kun ce kwangilar kayan sadarwa ta gwamnati cin banza ce: a hau mota a je Yamai, a sayo kwali, a jona waya biyu, a sa hannu, a dawo Dutsi a yi ƙiba. Wanda ya fi ku baki har cewa ya yi da shi ne Baba Iliya da tuni ya yi bene. To, ga Baba Iliya, ga shagonsa na kwano, ku leƙa da kyau ko za ku ga matakala. Ban ji haushi ba, don ni ma kallon da na yi wa aikin ke nan kafin in shige shi. Amma tunda na ga kun fara tsayawa gaban allon meri, ofishin magajin gari, kuna karanta sanarwar kwangila, bari in gaya muku yadda abin yake daga ciki.

Wajen Metir Dauda na koyi aiki, a wani ɗan ɗaki bayan majami'armu. Shi ke gyaran rediyon magana, irin wanda buro-buron gwamnati, wato ofisoshinta, ke kiran juna da shi kafin wayar hannu ta zo. Ƙarfensa na dalma ba na kuran ba ne, wato lantarki, a wuta ake gasa shi, don haka aikina na fari fifita gawayi ne, har hannuna ya fi na mai tsire ƙwarewa. Abin da ya riƙa ba ni mamaki da shi, in aka kawo masa rediyo ya mutu, ba ya buɗe shi. Sai ya ɗauki hularsa ya ce mu je mu ga ɗakin da yake zaune. Ya dubi rufi ko yana yoyo, ya leƙa bayan tebur ko ɓera ya ci waya, ya tambayi mai gadi wa ke cire baterin yana kunna fitila da shi. Sau da yawa a can muke iske ciwon, rediyon kuwa lafiyarsa lau. Lokacin ina ganin yawon banza ne yake sa ni cikin rana.

Jakar da ya bar mini ita ce waccan da ke rataye. Akwai mita ta awon wuta, fensa, turnabis manya da ƙanana, bel na hawa, igiya, da guduma wadda ƙotarta ta sha canji amma kanta na nan. Kullum akwai turaku na ƙarfe a ƙasan jakar, waɗanda ake kafawa a ɗaure igiyoyin poto, wato dogon sandan eriya, don kada iska ta kwantar da shi. Ku riƙe zancen turakun nan, za mu dawo kansu.

Wata meri ta taɓa kirana in haɗa mata ordinater, wato kwamfuta, tun zamanin da ba a tsaurara dokar saye ba. Kwalaye sababbi fil, da roba da komai. Na kunna ta farko ta ƙi, na kunna ta biyu ta yi wani kuka ta mutu. Da na kwance bayanta sai ga gidan zanzaro a manne jikin fanka, ya bushe tun ba yau ba. Tsofaffi ne aka wanke aka sa a sabon kwali, mai kawowa kuma ya karɓi haƙƙinsa ya yi gaba. Irin wannan ne ya sa aka ɗaure abin tamau. Yanzu sai an rubuta takardar sharuɗɗa, an faɗi irin kayan da ake so har girman ƙusa. Masu nema su kawo tayinsu a rufe, a buɗe gaban kowa, a ba wanda ya cika sharaɗi kuma ya fi sauƙi. In ya gama, komisiyon ya zo ya duba ya gwada, in abin da ke ƙasa ya yi daidai da abin da ke takarda a sa hannu, daga ranar kaya suka zama na gwamnati. Ba mahaukaci ya tsara wannan ba, kuma duk wanda ya ga gidan zanzaron nan ba zai zage ta ba. Matsalarta ɗaya, takarda ba ta ɗaukar hula ta je ta ga ɗaki.

Aikin da nake son ku ji shi ne na wayar likitoci, wato asibitoci. An fitar da kwangila a sanya wayar tebur a ƙananan likitocin karkara, don majo, wato babban ma'aikacin likitar, ya iya kiran ambilans daga Dutsi in abu ya fi ƙarfinsa. Takarda ta ce poton ƙarfe, a kafa shi cikin filin likita da siminti, a sa anten, wato eriya, a kai, da panno na hasken rana da bateri, layin kuma ya zama na kamfanin da ke da izinin aiki a Nijar. Na ci kashin da ya ƙunshi wasu garuruwa na ɓangaren Tibiri. Duk na gama su salin-alin, sai na ƙarshe, wani gari kudu da Dumega dab da iyaka. Ba zan faɗi sunansa ba, mutanensa ba su son a yi ta yawo da zancen dutsensu.

Kafin in sa tayi na je garin, kamar yadda Metir Dauda ya koya mini. Na iske maza ƙarƙashin itacen bedi kusa da likita kowa da waya a kunne, ana ta gaisawa da 'yan ci-rani. Wanda gwamnati ta aiko bincike shi ma abin da ya gani ke nan, ya rubuta akwai rezo, wato waya na kamawa. Ni ma na gyaɗa kai na hau motona, wato babur. Ranar aiki muka tsayar da poto, na hau da bel, na juya anten gabas, na juya yamma, na juya har wuyana ya ƙage. Ko ɗigo babu.

Majo Sani, wani siririn mutum mai yawan shan shayi, yana tsaye ƙasa ya ɗaga kai.

"Metir, sauko ka huta. Rezon da kag gani na ƙetare na. Na Nijar bai taɓa kwana garin ga ba."

Ashe duk mutanen garin layin Najeriya suke riƙe da shi, shi ke tsallako iyaka ya same su. Na ce to me zai hana mu sa irinsa? Ni na yi tambayar, ni kuma na san amsar. Gwamnati ba ta biyan kamfanin wata ƙasa, kiran Dutsi da layin can kuwa kiran ƙasar waje ne, yau ya shiga gobe ya ƙi. Majo ya ce bara da damina haka ya yi ta danna lamba a kan wata mata mai naƙuda har baterinsa ya ƙare, sai da aka aika mutum da moto, ƙorama ta tsare shi. Bai gaya mini ƙarshen labarin ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ce kawai in Allah ya sa wayar nan ta yi magana kafin ruwa ya sauka, zai yi barci.

Na zauna na yi lissafin inda eriyar kamfani take. Tana arewa maso gabas, tsakaninta da garin kuma akwai wani jan dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, irin waɗanda suka cika ƙasarmu. Shi ya tare maganar. Na ce in haka ne samansa dole a samu. Na saɓa jaka na nufe shi, ban kai gindinsa ba na ji mata daga rijiya suna kwarma kamar na taka jariri. Majo ya biyo ni da gudu ya riƙe mini riga. Ya ce dutsen na da mai shi, aljana ce, doguwa, kuma ba mai hawa sai da izinin Inna Dela. Garin duk masu salla ne, da masallacinsu da limaminsu, amma ko liman zagaye dutsen yake yi.

Ni ɗan majami'a ne, ba na yanka wa dutse kaza. Amma a Arewa aka haife ni, kakata ma daga wajen Lugu, garin masu bautar gargajiya, ta fito, na san ba a shiga irin wannan wuri da ƙafar takalmi da bakin gardama. Kuma gaskiya ina son in ji. Muka iske Inna Dela tana ɓarzar gero, tsohuwa ƙanƙanuwa mai ido kamar na yarinya. Na durƙusa na gaishe ta, ta bar ni a durƙushe har ta gama abin da ke gabanta.

"Kai na mai waya? Mi kaka nema bisa dutsinmu?"

Na yi mata bayani. Ta ce in dakata. Maganar da ke fitowa daga Dutsi, ta ina take bi? Na ce ta sama. Ta ce in ta sama ne me ya hana ta wuce kan dutsen ta sauko, tsuntsu ma ai yana yi? Na ce ita miƙe take tafiya, ba ta iya lanƙwasa. Ta yi dariya ta ce ashe maganar Yamai ce. Ta tambaye ni ko tana gajiya, ko ruwa na jiƙa ta, ko in mutum biyu sun yi magana lokaci ɗaya tasu na karo a hanya. Na yi shekara da shekaru ina wannan aiki, ba magajin gari ko injiniyan da ya taɓa yi mini tambayoyi masu daɗin waɗannan. Da ta ƙoshi sai ta faɗi nata sharuɗɗan.

"Ba a hawa da takalmi. Ba a gina. Ba a kahwa ƙarhe. Abin da ka aza bisa, aza shi, amma ƙarhe ba shi shiga jikin dutsin ga."

"Inna, don mi?"

"Kai takardakka ta hwaɗa maka don mi?"

Na ce a'a. Ta ce to haka suka iske, ita ma riƙo aka ba ta.

Washegari ta hau da ni, tana gaba da sandarta ina baya ina tsallen tsakuwa, don tafin ƙafata na ɗan birni ne. Ina ta baza ido in ga abin da ake tsoro. Ban ga komai ba sai wata tsohuwar tukunya a kife cikin kogo da ƙadangaru. Amma wurin na da wani irin shiru da ya sa na rage murya ba tare da an ce in rage ba. Muna kaiwa sama wayar aljihuna ta cika da rezo taf. Na kira matata a Dutsi na miƙa wa Inna. Suka gaisa, ta tambaye ta yara, ta tambaye ta ko an yi ruwa can, sannan ta miƙo mini tana duban arewa kamar za ta hango hanyar da maganar ta biyo.

To ga ni tsakanin doka biyu. Ɗaya ta ce poton ƙarfe cikin filin likita, ɗaya ta ce ban da ƙarfe, kuma rezo na wajen ta biyun. Na kwana biyu ina zane a ƙasa. Dabarar da na samu ita ce a kawo gungumen giginya, wadda gara ba ta ci, a tsayar da shi kan dutsen ba tare da an yi rami ba, a tara masa duwatsu a gindi, igiyoyinsa a ɗaure su jikin manyan duwatsun da ke wurin maimakon turaku. Akwatin layi da panno da bateri su zauna sama, a jawo siririyar waya ta gangaro har teburin majo. Wayar kariyar aradu ma na gangaro da ita har ƙasa, na kafa sandarta wajen iyakar da Inna ta nuna mini da ƙafa, na zuba gawayi da gishiri. Ba haka littafi ya ce ba, ta yi tsawo, amma ta fi babu.

Ita ma gwamnati ana roƙonta, tana da ƙofarta. Akwai abin da ake kira gyaran kwangila. Na rubuta na ce ga abin da na iske, a yarda da itace, a yarda da kan dutse, a ƙara siminti in zuba wa poton gindi mai nauyi wanda zai zauna bisa ba tare da an huda komai ba. Takardar sai ta bi ta meri, ta je Doso, ta wuce Yamai, ta dawo ta hanyar da ta bi. Hadari kuwa ya fara haɗowa gabas. Ban jira ba, na tsayar da giginyata. Ranar da wayar tebur ta yi ƙara karon farko, Majo Sani ya zubar da shayinsa.

Komisiyon ya zo kafin amsa ta zo. Shugabarsu Madam Hajara ce, mace mai tabarau wadda 'yan kwangila ke tsoron ko jin sunanta. Ta ɗaga waya ta kira Dutsi, aka amsa rangaɗau. Ta fito ta dubi filin likita, ta dubi takarda, ta bi siririyar wayar da ido har kan dutse.

"Metir Iliya, ina poton ƙarhen?"

Na nuna mata shi kwance bayan ɗaki. Na kwashe labari duka na gaya mata, majo na taya ni. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse mu ba.

"Na gane, kuma aikin ya yi kyau. Amma a'a, ba ni sa hannu. In na sa hannu bisa ƙarhen da ban gani ba yau don kai mai gaskiya na, gobe wani zai kawo min kara ya ce in sa."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce to in kwance ke nan? Majo ya zauna bakin baranda ya dafe kai. Madam ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi, ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Ni ban ce ka kwance ba. Kayan da komisiyon bai karɓa ba, ba na gwamnati ba na, naka na. Mutum kuwa shina aje kayanshi inda ya ga dama. Sai dai ka sani, in aradu ta ci su, kai ta ci."

Wannan ita ce muguwar shekarata. Kashin kwangilar gaba ɗaya ya tsaya saboda gari ɗaya, ba a rufe shi ba balle a sallame ni. Tumakin matata suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, miya ta koma ta kuka zalla. Abokan sana'a suka riƙa yi mini tsiya, wai Iliya ya buɗe kamfanin waya mai mutum ɗaya. Wasu suka ce in kwaso kayana in adana har takarda ta fito, kuma shawarar ba ta banza ba ce. Na kasa. Duk sanda aka yi ruwa mai iska ta kudu, sai in kira likitar. In ta yi ƙara in koma aikina, in ta yi shiru in ɗaure jaka a moto.

Wata safiya cikin watan Agusta ta yi shiru. An kwana ana ruwa da iska irin mai ɗebe rufin kwano. Na kama hanya, na iske ƙoramar da ke gaban garin ta cika tana tafasa. Na bar moto wajen wasu Fulani, na ɗora jaka a ka na ratsa, ruwa har ƙirji. Ina shiga gari na ga mata cirko-cirko ƙofar likita. Majo ya fito hannunsa da safar roba, fuskarsa ta faɗa.

"Metir, Allah ya kawo ka. Rabi ta, matar Mamman. Tun jiya. Ɗan ya riga ya tahi, ba ni jin motsinshi. Ita nika son in hidda, kuma sai an yi mata aiki Dutsi. Layin ƙetare ma ya ɗauke."

Mamman jikan Inna Dela ne, ƙaton saurayi manomi. Ya riga ni cire takalmi. Muka hau muka iske abin da nake tsoro. Ruwa ya zare ƙananan duwatsun gindi, ɗaya daga cikin manyan da na ɗaure wa igiya ya gangara, poto ya kwanta rabi, anten na kallon ƙasa. Akwati da bateri lafiya lau. Abin da ake bukata kawai a tayar da shi a samu inda za a ɗaure igiyar gefen yamma, gefen kuwa fayau yake, ba dutsen da zai riƙe. Sake tara gindi aikin yini ne.

Na buɗe jaka ina neman fensa, sai turakun nan suka yi ƙara. Mamman ya gan su. Kafin in ce wani abu ya fizge guduma da turke ɗaya ya nufi gefen yamma. Ban hana shi ba. Na tsaya ina kallo, rabin zuciyata na cewa buga. Sai ga Inna ta ɓullo, ban san yadda ta hau da sauri haka ba. Ta je ta tsaya daidai inda ya ɗora bakin turken.

"Kaka, kauce! Rabi na mutuwa!"

"Na sani. Ni na yi mata wankan amarci. Aje gudumag ga."

"Dutsi ya hi ta?"

Ta juyo wajena.

"Mai waya, turken nan mi shika yi?"

Na ce riƙe igiya yake yi.

"Riƙo kaɗai? Hannu ba shi iyawa?"

Na ce yana iyawa, in akwai hannuwa da yawa. Ta taka zuwa bakin dutse, wannan 'yar tsohuwa, ta buɗe murya kan gari. Ban san ƙirjinta na da wannan ƙarfi ba. Ta ce duk namijin da ke jin ta ya tuɓe takalmi ya hau, yau ita ta kira, abin da ya biyo baya a kanta.

Suka taru a ƙasa suna duban juna. Mutanen da aka haifa gindin dutsen nan, suka yi furfura ba su taɓa taka shi ba. Liman ne ya fara cire nasa, ya yi bisimilla ya kama hawa, sauran suka biyo. Na raba su, wasu kan igiyoyi, wasu suka rungumi gungumen. Muka ɗaga shi ya miƙe. Na durƙusa gaban akwati ina duban alamar rezo ina ba da umarni, ku murɗa dama, kaɗan, ya yi yawa, ku dawo. Mata suka jeru daga gindin dutse har ƙofar likita don su miƙa magana. Alama ta fito ɗaya, ta ɓace, ta dawo biyu. Na ce kowa ya daskare a yadda yake. Na yi ihu na ce ya kama, na ji kalmar tana gangarawa baki-baki har ta shige likita.

Kira ɗaya bai isa ba. Sai da aka nemo direba, aka nemo mai, aka sake kira a ji ta wace hanya mota za ta iya biyowa. Duk wannan lokaci mutanen nan na riƙe. Yayyafi ya dawo, igiya ta yi santsi tana yanka tafin hannu. Can gabas kuma wani hadarin na haɗuwa yana walƙiya. Na ji tsoro ƙwarai, don na fi kowa sanin abin da ake nufi da mutane su rungumi jiƙaƙƙen poto a wuri mafi tsawo cikin gari. Na gaya wa Inna a hankali. Ta dubi hadarin, ta matso ta ɗora tafinta jikin giginyar tare da su. Mamman na kan igiyar yamma, inda ya so kafa turke, ya naɗe ta a damtse har ta shige fata.

Da maganar ta hauro cewa mota ta taso, ba wanda ya saki sai da na ce a saki. Aka ɗora Rabi a amalanke zuwa bakin ƙorama, maza suka ɗauke ta bisa ƙyauren ɗaki a kan kawunansu suka ratsa da ita, ambilans na jira a ƙetare. Ni ban bi su ba. Na tsaya da waɗanda suka rage muka yi ta jidar duwatsu har rana ta yi sanyi, muka yi wa poton gindin da ya fi na da.

Ina garin har wayar tebur ta yi ƙara daga Dutsi. Majo ya ɗauka, ya saurara, ya ajiye, ya fito baranda. Ya ce an yi aiki, ɗan babu, Rabi ta farka ta nemi ruwa. Inna Dela ta ce alhamdu lillahi, ta juya ta koma gida. Har yau ina juya abin a raina. Da an kafa turke tun farko, ko poton zai kwanta? Da simintin da na roƙa ya zo kafin ruwa fa? Ban sani ba, kuma na daina yarda da duk wanda ya ce mini ya sani.

Amsar Yamai ta zo bayan an yanke gero. An yarda da itace, an yarda da kan dutse, an yarda da siminti. Madam Hajara ta dawo da komisiyonta. A gindin dutse ta tsaya ta cire takalminta masu tsini ba tare da an gaya mata ba, sauran suka yi yadda ta yi. Ta auna giginyar, ta duba akwati, ta sa aka kira Dutsi, sannan ta ɗora takarda bisa murfin bateri ta sa hannu. Ta tambayi Inna ko tana da abin cewa. Inna ta ce tana son ta san ko ita Madam ce ke rubuta dokar ko ita ma riƙo aka ba ta. Madam ta ce riƙo ne. Inna ta ce ta ga alama.

Yanzu kamfani ya kafa doguwar eriya kusa da garin, rezo har cikin ɗaka. An kwance akwati da panno an mayar ma'aji, Inna Dela ta rasu, Majo Sani an yi masa canjin wuri. Gungumen kawai aka bari, don ba wanda ya ga amfanin sauko da shi. Bara aiki ya bi da ni ta wurin, na nemi izini wajen wadda ta gaji Inna na hau. Na iske duwatsun gindinsa sun rufe simintina sun kai mini ƙugu, alhali ba haka na bar su ba. Na tambaya. Aka ce Rabi ce. Duk shekara in hadarin fari ya haɗu, takan cire takalmi ta ɗauki dutse ta hau ta ƙara, yanzu har 'ya'yan da ta haifa daga baya na taya ta. An sha gaya mata ba komai a kan poton, ba waya ba anten. Ta ce ta sani, ita dai kada ya faɗi.